Ni Ba Zan Kira Uwaisu Ba

Tun da aka yi sunan nan na gidanmu ban sake zama a majalisar bakin masallacin Gazara cikin kwanciyar hankali ba. Wasu sun ce suma na yi. Wasu sun ce gonar rake na faɗa da gudu, babbar riga a hannu. Duk sharri ne. Ni Maiwada, ni na fara kawo injin cajin waya garin nan, lokacin da mutane ke hawa mota har Makarfi don a cika musu batir. Shekara goma sha biyar ana kirana Injiniya, kuma sau ɗaya tak na nemi a riƙa kirana haka. Saboda haka ku saurara ku ji yadda aka yi daga bakin wanda aka zalunta.

Ƙanena Uwaisu, wanda na rena da hannuna bayan rasuwar mahaifinmu, yana aiki a wani jirgin haƙar mai can tsakiyar teku. Waya ba ta shiga wurin. Saƙon imel kawai yake samu, shi ma sau ɗaya a rana, da yamma. Shekara tara da aurensu da Ummuhani babu haihuwa, sai ran wata Asabar Allah ya kawo ɗa namiji, uban kuwa yana kan ruwa, ba zai sauka ba sai bayan wata biyu.

Na aika masa cewa ya rubuto sunan da za a raɗa. Sai ya maido doguwar wasiƙa, wadda ta fi ƙarfin allon wayata. Na tafi Makarfi shagon Madam Judith, mai kwamfutoci da ɗakin da ƙungiyoyi ke taron bidiyo, ta buga min ita a takarda.

Uwaisu ya ce ya yi rantsuwa ba zai rubuta sunan ba. Shekara tara yana jira, sai ya ga fuskar ɗansa ya faɗa da bakinsa. An ba shi aron ɗakin taron jirgin ranar suna, daga ƙarfe takwas zuwa takwas da rabi na safe, ba ƙari. Na'urar ɗakin ba ta san lambar waya ba, lambar IP take kira, wato lambar da intanet ke gane gida da ita. Ya ce a kunna kwamfutar da ya bar wa Ummuhani, a haɗa ta da rauta, wannan ɗan akwatin da ke raba intanet a gida, a nemo lambar gidanmu a aiko masa. Daga ƙasa kuma ya ƙara da cewa: “Idan wannan ta yi wuya, ga tamu lambar, ba ta canzawa. Ku ku kira ni, ya fi sauƙi.”

Madam Judith ta ɗora yatsa a kan layin ƙarshe. “Malam Maiwada, wannan za ku yi. Minti ɗaya an gama. In kana so ma na zo da wuri na haɗa muku, da ma zan zo barka.”

“Madam,” na ce, “ke kin taɓa ganin yaya ya tashi ya je gaida ƙane? Yaron da na goya, na share wa majina, ni zan kira shi a gaban Liman da dattawan Gazara? Shi zai yi sallama, ni in amsa.”

“Ai na'ura ba ta san yaya da ƙane ba.”

“Za ta sani a hannuna.”

Ina fita na yage ƙasan takardar na cusa a aljihu, don kada wani mai raunin zuciya ya gani.

Aikin bai ɗauke ni minti biyu ba. Na kifa rautar, sai ga lamba a manne a gindinta: 192.168.0.1. Na aika wa Uwaisu. Da yake kuma ni mutum ne mai son abu a fili, na kira mai fenti ya rubuta ta da manyan baƙaƙe a bangon zaurenmu, a ƙarƙashinta ya sa: INJINIYA MAIWADA, ANA GANAWA DA ƘASASHEN WAJE.

Matata Zulai ta leƙo ta ƙofa. “Baban Sadiya, wannan kuma lambar motar wa ce?”

“Koma ciki, ba ilmin tuwo ba ne.”

Washegari Malam Bobbo maƙwabcina, Bafulatanin da Allah ya halitta don ya hana ni sakewa, ya tsaya gaban bangon ya dogara da sanda, yana karantawa a hankali.

“Injiniya, irin akwatin nan ɗiyata ta kawo daga Zariya. Ita ma wannan lambar ce a gindinsa.”

“Ba zai yiwu ba.”

“Na mai kemis ma na duba. Ita ce.”

“To sata aka yi min! Tun jiya na ga mutane na tsayawa suna kwafa.”

Na ɗauki hula zan tafi wurin Dagaci in kai ƙara, sai ga amsar Uwaisu ta shigo. “Yaya, wannan lambar cikin gida ce, kusan kowace rauta da ita take zuwa. Ta waje nake nema. Don Allah ku tambayi Madam Judith.” Na karanta a zuci, na maida waya aljihu, na ce wa Bobbo na yafe wa ɓarayin saboda albarkar jariri.

Ranar Laraba na koma Makarfi. Ban je tambaya ba, jarrabawa na je yi mata.

“Madam, bari in gwada ki. Mece ce lambar waje?”

Ta danne dariya. “Rautar nan kamar zauren gidanku take. Duk wanda ke ciki, waya ko kwamfuta, ta ba shi lambar ɗaki. Amma baƙo daga waje bai san ɗakin kowa ba, ƙofar gida ya sani. Lambar ƙofar nan ita ce ta waje. Ba a rubuce take a jikin akwati ba. Sai ka shiga intanet ka tambaya, wani shafi ya gaya maka da wace lamba ya gan ka. Bayan haka kuma sai an shiga cikin rautar an buɗe hanya, don in kira ya zo ta san ɗakin da za ta kai shi.”

“Kin ci,” na ce. “Haka nake koya wa mutane.”

Tana juyawa wurin wani mai hoton fasfo, na zame kan kwamfutarta na shiga shafin. Sai ga lamba sabuwa fil, mai farawa da 102. Na kwafe a tafin hannu, na aika wa Uwaisu tun ban bar shagon ba. Da na isa gida mai fenti ya shafe ta farko ya rubuta ta biyu.

Ranar Alhamis da hantsi ina zaune a zaure ina ba mutane labarin yadda saƙo ke bi ta ƙarƙashin teku, sai Zulai ta fito da waya a kunne tana riƙe ciki don dariya.

“Madam Judith ce. Wai Uwaisu ya samu minti biyu ya gwada lambarka. Ya faɗo tsakiyar taron matan ƙungiyar masu mazarƙwaila. Suna cikin musu kan farashi, sai ga ƙato da hular kwano a bango yana cewa, ‘Ina ɗana? Ku nuna min ɗana!’ Wata tsohuwa har ta zubar da kunu.”

Bobbo ya ce, “Ashe ƙofar Madam ka ba shi. Injiniya, kai da ka je gidan mutane ka tambayi sunan unguwa, ai tasu za a gaya maka.”

“Gwaji ne,” na ce. “Ba a fara gwada abu mai haɗari a gidan da ke da jariri.”

A ranar na zauna da kwamfutar Ummuhani a tsakar gidanmu, na shiga shafin, na samu lamba ta uku. Na shiga cikin rautar na danna duk abin da ya yi kama da ƙofa. Mai fenti ya dawo. Yana cikin rubuta lamba ta ƙarshe aka ɗauke wuta. Na tada janareta, rauta ta farfaɗo, na sake dubawa don in nuna wa Bobbo. Lambar ta canza.

“Shafe,” na ce wa mai fenti.

“Injiniya, bangon nan ya fara kauri.”

Ya shafe ya rubuta. Janareta ya yi tari ya mutu. Na ja igiya, ya tashi. Lamba ta sake canzawa. Mai fenti ya ajiye buroshi ya ce yana da jana'iza a Likoro, ko da yake ban ji an yi rasuwa ba.

A nan basirata ta nuna kanta. Na gano cewa duk lokacin da rautar ta mutu ta tashi, kamfanin layi sabuwar lamba yake ba ta. Magani kuwa a fili yake: kada ta sake mutuwa. Ranar Juma'a na cire batirin motar ɗaukar raken Bobbo, da izininsa ko da yake bai ji lokacin da na nema ba, na haɗa rautar da shi. Na rataye ta a reshen mangwaron ƙofar gida inda sabis ya fi ƙarfi, na ajiye batir a gindi, wayar wuta ta sauko tsakaninsu. Lamba ta tsaya cak. Na aika wa Uwaisu kafin saƙon yamma ya wuce, na rubuta ta a bango da hannuna, na kafa doka: duk wanda ya taɓa mangwaron nan, ni da shi.

Ga abin da masu sharri ba sa faɗa. Ni ban ce a ɗaure ragon suna a gindin mangwaro ba. Ban kuma ce kada a ɗaure shi ba, domin ba a taɓa suna a gidanmu aka ɗaure rago wani wuri ba tun zamanin kakanmu. Wanda ya kawo shi da safe ya bi al'ada. Ragon ma ya bi tasa.

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai da rabi ƙofar gida ta cika. An shimfiɗa tabarmi, ga goro da dabino a faranti. Mutane sun zo daga Paki, daga Kudan, har da waɗanda ba a gayyata ba, don na yi shela cewa za a ga mutum yana magana daga cikin teku. Na aro babbar talabijin na ɗora a tebur, na jona ta da kwamfuta, na haɗa da lasifikar masu wa'azi. Na sa shaddata mai ruwan ƙwai da hula zanna. Liman na zaune a gaba, mahauci na wasa wuƙa a gefe.

Saura minti biyar Bobbo ya taɓa ni da sanda. “Injiniya, ragonku taliya yake ci?”

Na waiga. Jar waya na lilo a bakinsa, yana tauna yana kallona ido cikin ido. Fitilun rauta duk sun mutu.

Na yi tsalle na fizge, ya tunkuye ni a cinya, na faɗa kan farantin dabino. Na tashi na fere wayar da haƙori na murɗa ta. Rauta ta kawo wuta. Na duba shafin. Lambar da ke allon kwamfuta da wadda ke bango ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Uwaisu kuwa ba zai ga wani saƙo ba sai yamma.

Ƙarfe takwas ta yi. Talabijin shuɗiya, babu kowa.

“Yana alwala,” na ce.

Takwas da minti goma. Liman ya yi gyaran murya. “Malam Maiwada, rana na yi. Akwai wani sunan a unguwar gabas.”

“Allah gafarta Malam, igiyar ruwa ce ta yi yawa. Yanzu zai shigo.”

“Ko mu aika masa kwalekwale?” in ji Bobbo. Aka yi dariya, har da mahauci.

Na laluba aljihu. Ban ce zan kira shi ba, so nake kawai in tabbatar guntun takardar nan tana nan. Ba ta nan. A tsohuwar rigata na bar ta, rigar kuma tun jiya Zulai ta kwashe ta wanki.

Takwas da minti ashirin. Daga cikin gida na ji muryar Ummuhani tana tambaya ko ya shigo. Wani dattijo ya fara neman takalmansa. Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Ga yaro kwana bakwai babu suna, ga rago ya ci waya yana jiran wuƙa, ga sunana da manyan baƙaƙe a bango. Shugaba ba ya barin taro ya watse.

Na zaro abin sauraro na toshe kunnuwa, na cusa bakin wayarsa cikin aljihu. Na juya wa talabijin baya, na fuskanci jama'a, na ɗaga hannu.

“Tsit! Ya shigo! Hoto ne bai iso ba, ya fi murya nauyi. Na'am, Uwaisu? Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Tashi, tashi, ba sai ka durƙusa ba.”

Jama'a suka kasa kunne. Liman ya matso.

“Ya ce yana gaida Malam. Ya ce Bobbo ya rage surutu. Na'am? Sunan? To, muna ji.” Na runtse ido. Wallahi na yi niyyar faɗin sunan mahaifinmu. Amma da na buɗe baki, sai na tuna wahalar da na sha a makon nan, da tunkuyin rago, na ga ai akwai wanda ya fi cancanta. Maiwada laƙabi ne, sunana na yanka Ɗayyabu.

“Haba Uwaisu! A'a, ni wa? Kada ka sa ni kuka a gaban mutane. To, tunda ka nace. Jama'a, ya ce a sa wa yaro Ɗayyabu.”

Ban ji kabbara ba. Ban ji ko “Allah ya raya” ɗaya ba. Na buɗe ido na ga duk taron ba ni suke kallo ba, bayana suke kallo, baki buɗe. Na ɗauka kwarjini ne, sai na ƙara: “Ya ce kuma duk abin da ya zama a duniya, ni ne sila.”

Sai lasifika ta yi ƙara, har tsuntsayen mangwaro suka tashi.

“Yaya, da wa kake magana?”

Na juya a hankali. Ga Uwaisu ya cika talabijin, da hular kwano da jan kaya. Ga Madam Judith a sunkuye kan kwamfuta, guntun takarda a hannunta, duk ta yamutse da ruwan wanki amma lambar na nan. Ga Zulai a bakin zaure cikin mayafi, rungume da jariri, tana yi min irin kallon da take yi wa kazar da ta shiga rumbu.

“Layi biyu ne,” na ce. “Ni ina kan na sama.”

Bobbo ya sa ƙugiyar sandarsa ya jawo wayar daga aljihuna. Bakinta ya fito yana reto, ba a jone da komai ba sai ɓawon gyaɗa. Ban san dattawa na iya birgima a tabarma ba sai ran nan. Liman ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa.

“Saura minti huɗu,” in ji Madam Judith. “A kawo yaron.”

Zulai ta matso ta buɗe fuskar jaririn gaban kwamfuta. Uwaisu ya cire hular kwano. Ya sa bayan hannu yana share ido. Dariyar ta mutu da kanta. Ya yi addu'a a hankali, ya tambayi jikin Ummuhani, daga bayan ƙofa ta amsa da muryar kuka. Sai Liman ya ce, “Uwaisu, lokaci. Wane suna?”

“Allah gafarta Malam, tun shekara tara na yanke. Mutumin da ya sayar da kekensa ya kai ni makaranta a Ikara, shi zan yi wa takwara. Sunansa Ɗayyabu.”

Na juya gefe na goge ido da hannun riga. Ƙurar dabino ce, ba abin da Bobbo ke yaɗawa ba. Liman ya raɗa suna, aka shafa, mahauci ya ja ragon, ni kuwa ban roƙa masa sassauci ba. Takwas da rabi daidai talabijin ta koma shuɗiya.

Da na samu murya na ce, “To, kun ji dai. Abin da na faɗa shi ya faɗa. Wa ya yi ƙarya?”

Zulai ta ce, “Baban Sadiya, kai ne mutum na farko da ya haura katanga ya saci abin da ake shirin kawo masa a faranti.”

Madam Judith ma ba ta bar ni ba. Tana naɗe wayoyi ta ce ko da rago bai ci komai ba, kiran ba zai shigo ba, domin rauta mai layin waya irin tamu, lambar wajen da nake ta fenti ba tamu ba ce mu kaɗai, kamfani ya haɗa gidaje da yawa a bayanta. Na ce wannan ra'ayinta ne, tunda wanda zai ba da shaida an riga an feɗe shi.

Saura zalunci na ƙarshe. Kun san Ummuhani ba za ta iya kiran sunan yayan mijinta ba, dole a nemo wa yaro sunan da za a riƙa kiransa. Matan suna ta shawara, sai Bobbo ya ɗaga murya daga waje ya ce ai ga shi nan a bango, a kira shi Injiniya, tunda shi ya fi kowa haƙuri da aikin. Sunan ya zauna. Yau a Gazara in ka ji an ce Injiniya ya tashi, ko Injiniya ya ɓata zane, ba ni ake nufi ba. Ni kuwa daga bakin masallaci har tasha, Ɗari da Casa'in da Biyu suke kirana, har mai kemis.

Na bar su da Allah. Amma duk wanda zai ba da labarin nan, ya faɗi gaskiya ɗaya: a gaban Liman da dattawan Gazara, Madam Judith ce ta kira Uwaisu. Ni ban kira shi ba.